Saƙon da Na Kai Chinade

Tun da na dawo daga ƙasar Yarabawa ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a bakin rijiya, har a ɗakin allura, mace ta sassauta zane ina shirin tsira mata allura sai ta waiwayo ta ce, "Malama Dije, wai da gaske ne can suna cin dodon-koɗi?" Da gaske ne. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci inda ya ba shi dariya ya yi gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi ɗungurungum, har da wurin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sunan garin da na asibitin kam ba zan kama ba, domin laifin da ke cikin labarin nan nawa ne.

Shekara shida ina aikin jinya a nan Azare. Na iya wankin gyambo, na iya allura, na iya ɗinki in likita ba ya kusa. Abin da ban iya ba shi ne haihuwa in ta zo da gardama. A kawo mace daga Gamawa ko Dagauda a kan takarkari, kwana uku tana kan gwiwa, ni kuwa ba abin da na sani sai sannu. Rannan likitanmu, wani dogon Bature mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya kira ni ofis ya ce, "An ba ƙasar Katagum gurbi a makarantar da ake koya wa ma'aikatan jinya aikin ungozoma. Gurbi ɗaya tak. In kika faɗi, ko aka koro ki, ba za su sake ba mu ba, sai su ce matan nan ba su isa ba." Yana faɗa yana murmushi.

A gida Inna ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ungozoma? Ke da ko furfura ba ki fara ba? Wace mai kunya ce za ta bari ki tsaya a kanta?" Ba laifinta ba ne. A wurinmu ungozoma tsohuwa ce, kuma ba ta shiga ɗaki sai jariri ya faɗo, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta ɗora ruwan wanka. Da ta ga ba zan fasa ba sai ta ce, "To, je ki. Kafin 'yar taki ta yi kewarki kin dawo da akwatinki." Mijina ya rasu da daɗewa, 'yata guda ce, a hannun Inna na bar ta.

Motar gyaɗa muka hau ni da Yayana, can ƙoli a kan buhuna. A Jama'are aka ɗora motar kan jirgin fito, aka ce kowa ya sauka ya tsaya a gefe. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, na riƙe rigar Yaya har na tsinke masa aljihu. Muna hawowa tudu aka jefo akwatina daga sama, na ji wani abu ya ce fus a ciki. Ashe Inna, duk da faɗanta, ta cusa mini kwalbar man shanu a tsakiyar fararen kayan aikina. Na wanke su ya fi sau goma, amma har na gama karatun nan, duk inda na gifta sai an buɗe hanci an waiwayo.

A tashar jirgin ƙasa ta Kano Yaya ya damƙa ni a hannun wata Bayarabiya mai fataucin goro, kowa Iya yake ce mata. Mace ce mai kirki, sai dai bakinta ba ya hutawa, kuma duk labarinta na mutuwa ne. Kowace tasha muka tsaya, akwai wanda ta sani da jirgi ya taka a wurin. Da muka doshi Jebba ta ce, "Yarinya, in mun hau gada kar ki nuna dutsen nan na tsakiyar Kwara da yatsa. Wani ya nuna, hannun ya shanye." Na zauna a kan hannuwana duka biyu. Kafin gadar sai ga duba-gari sun shigo, wai ana agana a gaba, kowa ya nuna tabon lamba, wato rigakafinta. Ni da na yi wa rabin yaran Azare lamba da hannuna, na ƙi buɗe dantsena a gaban maza. Wani duba-gari ya zaro wuƙarsa zai yi mini sabuwa. Iya ce ta ware gyalenta ta kare ni, ta leƙa, ta daka masa tsawa da Yarabanci, ya wuce yana gunaguni.

Kwara kuwa, gani ya kori ji. Jirgin ya rage gudu, ƙarafa na kuka a ƙarƙashinmu, Iya ta jefa goro ɗaya ta taga, ni ina ta salati ido a rufe. Gaba da Offa ta taɓa ni ta ce, "Nan Arewa ta ƙare." Na duba, ba ƙofa, ba ɗan doka, ba komai, sai kurmi da ya haɗe ta kowane gefe har ba ka ganin inda sama ta sauka. Mutumin da ya saba hango baƙonsa tun yana nesa, wannan duhun itatuwa ba ƙaramin tsoro yake ba shi ba.

Masaukinmu bene ne, gadajen ƙarfe a jere, komai da ƙararrawa: tashi, wanka, ci, karatu. Ranar farko aka ajiye mini wani tuwo baƙi ƙirin, na ɗauka ƙonewa ya yi, na mayar wa mai dafuwa cikin ladabi. Ɗakin cin abincin ya kwashe da dariya. Maƙwabciyar gadona, wata gajeriya mai suna Abeke, ta ce mini garin doya ne, haka kamanninsa suke. Miyar kuma manja ne da barkono, loma ɗaya na ji kunnuwana sun toshe. Wata guda ina rayuwa a kan burodi da ayaba ina mafarkin fura da nono. Dodon-koɗin da kuke tambaya, Abeke ta sa mini a kwano ban sani ba, na tauna na tauna ya ƙi mutuwa, sai da na haɗiye ta gaya mini.

Shugabar makarantar Sista ake ce mata, Bayarabiya ce da ta yi karatu a Ingila. Ba ta ɗaga murya, kallo kawai take yi, kuma na gwammace mari da wannan kallon. A darasin farko ta ɗora wani abu a tebur, ta ce in zo in zura 'yar tsana ta cikinsa in nuna yadda kan jariri yake juyawa. Na matso, sai na ga ƙashin ƙugun mutum ne, na gaske. Wata baiwar Allah ce da ba a binne ba. Hannuna ya ƙi miƙuwa. Sista ta ce, "Matar nan ta koyar da ungozomomi fiye da ni. Gaishe ta ki kama aiki." Na yi mata addu'a a zuci, na kama. Daga baya har na saba da ita, amma ban taɓa ɗaukarta ba tare da bisimilla ba.

Duk wannan wasa ne a kan abin da na tarar a ɗakin haihuwa. Ku kun san yadda muke. Mace tana naƙuda tana shara, in ya matsa ta shige ɗaki ta durƙusa, ta cusa bakin zane a baki. Ni da kaina, ranar da na haifi 'yata, Inna tana tsakar gida tana tankaɗe ba ta sani ba sai da ta ji kukan jaririya, kuma shekara da shekaru ina tinƙaho da wannan. A asibitin Azare, duk macen da na taɓa jin ta ƙwala ihu a kan gwiwa, ba ta kai gobe ba. Kunnena a haka ya ginu: ihu ajali ne.

To, ran da aka fara kai mu ɗakin, tun daga baranda na ji mata wajen shida suna kururuwa lokaci guda. Wata na kiran uwarta, wata na tafa cinya tana waƙa, wata ta kama sunan mijinta tana surfa masa zagi, shi kuwa yana tsaye a bakin taga da hula a hannu yana ba ta haƙuri. Na ruga ofishin Sista ko sallama babu, na ce mata mutane na mutuwa. Ta taso da gudu, ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta juyo ta yi mini kallon nan. Kafin la'asar duk sun sauka lafiya, mai zagin ma tana ta wasa da mijin.

Abeke ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Dije, in ba mu yi ihu ba, ta yaya mijin zai san abin da ya jawo?"

Na ji, amma jikina bai ji ba. Bayan sati biyu wata ta yi wata irin ƙara, na saki tiren kayan aiki a ƙasa na sake rugawa. Lafiyarta ƙalau. Na uku ya fi muni, don likita na fito da shi daga ɗakin tiyata da safar hannu, a kan matar da haihuwarta ta tara ke nan, tana ihu tana ɓare gyaɗa. Ran nan Sista ta rufe ƙofa ta ce, "Hannunki yana da kyau, kanki yana ja. Amma ungozomar da ba ta bambanta hayaniya da haɗari ba, ita ce haɗarin. In kika sake barin wurin aikinki kika tayar mini da asibiti a banza, ki ɗaure akwatinki." Na fito ina ganin motar gyaɗa tana sauke ni a kasuwar Azare, ina jin abin da likita zai ce, da abin da Inna ba sai ta ce ba.

Daga ranar na ɗaure bakina. Na koyi auna ciki da tafin hannu, na koyi sauraron zuciyar jariri da ɗan ƙahon nan, na karɓi haihuwa a kwance, abin da da na ɗauka rashin ta-ido ne. Na ga ana miƙa wa uba mabiyiya a tukunya ya je ya binne da kansa, na ga tsohuwa ta shafe jariri da manja ta wurga shi sama ta cafe, ban ce uffan ba. Baƙo ko da ido makaho ne, na riƙe wannan. Na kuma gane yadda suke tsara layi. Akwai dogon benci a baranda inda masu naƙuda ke jira, da wata tsohuwar ma'aikaciya da ake kira Mama mai benci. Da kunne take aiki. Wadda muryarta ta kai wani mataki, ita za a shigar, kuma a kan matan garin ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Saura sati uku jarrabawa aka sa ni a ɗakin dafa kayan aiki, wanda tagarsa ke kallon bencin. Da hantsi ina jera almakasai a tukunya sai na ji Fulatanci. Wata takwas ban ji shi ba. Na leƙa, ga wata tsohuwa da yarinya mai ciki a can ƙarshen benci, yarinyar ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Na fita da murnata muka gaisa. Mutanen Chinade ne. Sunan yarinyar Dudu, mijinta yana cikin masu kawo shanu Sabo, unguwar Hausawan garin, tsohuwar kuma goggonta ce.

Na ce, "Sannu ƙanwata, yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Goggo ta ce, "Tun jiya da hantsi ake abu ɗaya, amma ko tari ba ta yi ba. Mijin ne ya matsa a zo, ni da a gida za mu zauna."

A nan idona ya sauka a ƙafafunta. Yatsun sun ƙanƙame siminti kamar za su huda shi. Bakin mayafin da ke haƙoranta ya jiƙe, ya tsage. Na kama hannunta, sanyi ƙalau, jijiyar tana bugawa da sauri siriri. Na ja fatar idonta, fari fat. Na ɗora tafi a cikin, tauri kamar turmi, na jira ya saki bai saki ba. A watan nan muka karanta wannan: mabiyiya ta ɓalle tun jariri bai fito ba, jini yana taruwa a ciki, ba a ganin ko ɗigo a waje.

Na je wurin Mama mai benci na ce a shigar da ita. Ta dubi Dudu, ta karkata kunne, ta ce, "Wannan? Ko fara ba ta yi ba. Akwai huɗu a gabanta." Ba mugunta ba ce, kunnenta ne bai san irin namu ba. Ni kaɗai ce a duk asibitin nan na san abin da shirun nan yake nufi.

Na nufi ofishin Sista. Ƙofar a rufe, ina jin muryarta da ta likita a ciki. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Wallahi na ɗaga. Sai zuciyata ta ce, sau uku kina rantsuwa kin tabbata, sau uku kina kunyata. In wannan ma kuskure ne fa? Saura sati uku. Gurbi ɗaya tak. Na ce bari kayan da ke wuta su tafasa tukuna, kar a ce na bar wurin aikina. Na sauke hannuna na koma. Da suka tafasa na ce bari Sista ta fito da kanta, sai in yi kamar mun yi kiciɓis. Ina tsaye a taga ina kallon yarinyar nan, ita ma sau ɗaya ta ɗago ta dube ni. Tsoro nake ji, ba na komai ba sai na akwatina. Aka shigar da ta farko, aka shigar da ta biyu. Rana ta take tsaka.

Ana kiran azahar a masallacin Sabo Dudu ta zame daga kan benci, a hankali, ba ko ƙara. Ni ce na yi ihun, irin wanda ban yi ba ranar tawa haihuwar. Sista ta fito, ta taɓa cikin sau ɗaya, fuskarta ta sauya. Aka kwashe ta sai tiyata. Likita ya yi iya yinsa, ni ina riƙe da kanta ina yi mata kalmar shahada a kunne. Kafin la'asar Dudu ta cika, ɗan ma bai zo da rai ba. Na ji likita yana gaya wa Sista cewa da an shigo da ita da safe, da wataƙila an sami uwar.

Sista ta kira ni. Na shiga na riga na sallama, sai na tarar idanunta sun yi ja. Ta ce in zauna, abin da ba ta taɓa ce mini ba. Ta tambaye ni me ya hana yarinyar magana, na gaya mata yadda ake horonmu. Sai ta ce daga yau duk macen Arewa da ta zo, a duba ta nan take, kuma a kira ni. Har na miƙe ta ce, "Kin lura da ita kafin ta faɗi?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Kin yi saurin kira. Wannan karon kin yi daidai."

Da mutanen Sabo suka zo ɗaukar gawa, Goggo ta riƙe hannuna a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "'Yar nan, ke za ki riga ni komawa. Don Allah ki je Chinade ki nemi uwarta. Ki ce mata Dudu ba ta kunyata ta ba, har ta koma ga Ubangijinta ba wanda ya ji muryarta." Na ce to.

Na ci jarrabawa. Aka ba ni takarda mai hatimi, Abeke ta raka ni tasha tana kuka tana cusa mini barkono a jaka. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, har muka haye Kwara ban san mun haye ba. A Azare likita ya ce na fitar da ƙasar Katagum kunya, an ma yi alkawarin gurbi biyu baɗi. Inna ta kai takardar maƙwabta tana nunawa a juye. Kowa ya ce na rame, na ce barkono ne.

Wata biyu ina ɗaga zuwa Chinade, yau in ce aiki, gobe in ce ruwa ya ɓata hanya. Ranar wata kasuwa dai na bi masu tallan nono da suka tashi, suka kai ni har rugar. Labarin rasuwar ya riga ni isa tuntuni. Uwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura ta ajiye a gabana, muka yi gaisuwa mai tsawo. Dudu 'yar fari ce, don haka ko sunanta ba ta kama ba. Ta kau da kai ta ce, "An ce kina wurin. Waccan ɗin, ta yi raki?"

Na ce, "Ba ta yi ba. Goggo ta ce in gaya miki ba wanda ya ji muryarta."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta faɗa sau biyu. Sai ta kira wata yarinya daga bukka ta kawo ƙarin nono. Yarinyar ta fito da ciki haihuwa ko yau ko gobe, ta durƙusa ta gaishe ni kai a ƙasa. Uwar ta ce, "Ƙanwarta ce. Ita ma haka na hore ta, ba za a ji kanta ba in Allah ya so."

Ni baƙuwa ce, a kan tabarmarta nake, furarta ce a gabana, kuma a haife ta haife ni. Na tuna ranar da nake tsaye a ƙofar Sista. Na kama wuyan hannun yarinyar, na ce da ƙarfi yadda matan sauran bukkokin za su ji, "Ƙanwata, in ciwon ya zo miki, ki yi ihu. Ki yi ta yi har sai an ɗora ki a kan takarkari an kawo mini ke Azare. Yayarki shirun nan ne ya kashe ta, ina tsaye ina kallo."

Uwar ta dube ni kamar na zage ta, ta miƙa hannu ta ɗauke ƙwaryar furar daga gabana. Yarinyar ba ta ɗago kai ba, amma ba ta janye hannunta daga nawa ba.